Gwiwa a ƙugu take: amsa ga mai son koyon bugun gwiwa na Muay Thai

Wa alaikumus salam ƙanina. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, na bari ne sai na samu natsuwa don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce wata huɗu kenan kana kallon bidiyon damben Tailan, wato Muay Thai, a waya, ka cika buhu da yashi ka rataye a darbejiyar bayan gidanku kullum kana zuba masa gwiwa, amma har yanzu kai da kanka kana jin bugun ba nauyi, ga gwiwar dama ta fara kumbura, sannan kana tambaya ina za ka samu malami tunda a garinku babu, ko sai ka tara kuɗi ka tafi Tailan ɗin ne. To bari mu bi su, amma ba a jere yadda ka kawo ba.

Farko dai dan Allah ka sauke buhun nan yau yau. Yashi in ya kwana biyu a rataye sai ya zauna a ƙasa ya cure, balle raɓa ko ruwan sama ya taɓa shi, ya koma kamar bulo, kai kuma daidai wurin nan kake kai ƙoƙon gwiwarka. Akwai wata 'yar jaka a saman ƙoƙon, in ta sha dukan abu mai tauri sai ruwa ya taru a ciki, galibi shi ne irin kumburin da kake faɗa. Ka huta da bugu, ka riƙa ɗora ƙanƙara a cikin tsumma kamar minti 15, in kuma wurin ya yi ja yana zafi ko zazzaɓi ya biyo baya to asibiti za ka, kar ka bari kowa ya tsaga maka ko ya sa ƙaho a kan gaɓa. In ka warke ka je shagon tela ka roƙi yankakkun ƙyallen da suke zubarwa, ka danna su a buhun da kyau da taɓarya, shi ne abin da ake cika buhunan gaske da shi, yana da nauyi amma yana karɓar bugu.

Yanzu batun rashin nauyi. Ban ga bidiyonka ba amma zan iya rantsewa sama kake ɗaga gwiwar kamar mai hawa matakala, kowa haka yake farawa, nima haka na yi kusan shekara. Ita gwiwa bakin mashi ce kawai, sandar mashin ƙugu ne. Bugun da ake fara koya wa kowa sunansa khao trong, wato gwiwa miƙaƙƙiya, kuma gaba take tafiya, cikin mutum take nema ta huda ta fita ta baya. Ka tsaya a tsayuwar faɗa, a ce ƙafar hagu ce a gaba. Ka ɗan taka da hagun, kana takawa ka yi ɗage a kanta, duddige ya bar ƙasa, sai ka tura ƙugun dama gaba da dukkan nauyinka, gwiwar ta bi bayansa. Duddugen ƙafar da ke bugu ya matso kusa da mazaunai, yatsu su kalli ƙasa, don gwiwar ta yi tsini. Ƙirji ya ɗan koma baya kaɗan saboda ƙugun ya samu hanya, amma haɓa tana manne a ƙasa, ba ka ɗaga fuska kana kallon sama ba. Hannun hagu na tsare fuska, na dama ko dai ya miƙe ya dafa mutumin ko ya faɗo gefe kamar kana fizgo igiya. Ka fitar da numfashi lokacin da bugun ya sauka. Shikenan, amma wannan shikenan ɗin mutane na shekara goma suna gyara shi.

Ga gwajin da zai nuna maka gaskiyar kanka. Ka tsaya gaban bango, ka ja baya har inda kake ganin gwiwarka ba za ta kai ba, sai ka yi ƙoƙarin taɓa bangon da ita a hankali, taɓawa kawai ba duka ba. In ba ka tura ƙugu ba wallahi ba za ta kai ba, za ka ga tana ta yawo a iska. Ranar da ta fara kaiwa ba tare da ka faɗa kan bangon ba, ranar ka fara gane abin. Sai kuma tafiyar gwiwa, daga wannan bangon tsakar gida zuwa wancan, dama, hagu, dama, hagu, kowace ka riƙe ta daƙiƙa ɗaya a gaba kafin ka sauke. In ka taɓa yin langa kana yaro za ka ga amfaninta a nan, don rabin aikin na ƙafar da ke ƙasa ne, sharaɓarta ce za ta fara yi maka ciwo kafin komai.

To amma ga inda maganar take, kuma shi ya sa tambayarka ta neman malami ta fi ta nauyin bugu muhimmanci. Buhu ba ya ture ka. Buhu ba ya riƙe maka wuya, ba ya juya ka lokacin da kake tsaye a ƙafa ɗaya. Mafi yawan gwiwar da ake bugawa a Muay Thai a cikin riƙo ake buga ta, abin da su suke kira plam, mutum biyu sun cakumi juna a tsaye kowa na neman ya mallaki kai da hannuwan ɗan'uwansa. Wanda bai iya riƙo ba bai iya gwiwa ba, ko da kuwa yana huda buhu.

Ni zuwana Tailan na farko na je ina ji da kaina, na yi kokawa tun ina yaro, na yi damben Turawa na wasu shekaru, ga jiki. Da yamma bayan an gama dukan fad, wato 'yan matasan nan da malami ke riƙewa ana duka, sai tsohon malamin wurin, wani gajere mai warin man zafin nan nasu namman muay, ya nuna min wani yaro da bai fi shekara 14 ba, wanda na tabbata na ba shi kilo 20, ya ce mu riƙe. Na ɗan ji kunya ma, na ce a raina bari in bi shi a hankali. Ƙanina, cikin rabin awa yaron nan ya zubar da ni ya fi sau goma sha biyar, kuma ba da ƙarfi ba, jira kawai yake in ɗaga ƙafa zan buga, sai ya ja kaina ta wannan gefe ya tura kafaɗata ta wancan, sai in ji ni a ƙasa yana miƙo min hannu yana murmushi. Duk lokacin da na ƙanƙame shi da ƙarfi sai tsohon ya buga min tafi a kafaɗa ya ce sabai sabai, wai in saki jiki. Washegari da asuba wuyana ya ƙi juyawa, da na zo sallame sallah sai da na juya da dukkan jikina.

Abin da na koya a watannin nan shi ne, hannu ba a wuya ake sa shi ba, a ƙeya ake ɗora shi can sama inda kai ya fi tudu, tafi kan tafi, ba a sarƙe yatsu, gwiwoyin hannu a matse su zauna a kan ƙashin wuyan mutumin kamar almakashi. In ka kama a wuya ƙasa mai ƙarfin wuya zai miƙe abinsa, in ka kama a sama kuwa ko bijimi ne sai ya sunkuya. Duk faɗan kuma na neman ciki ne, wanda hannuwansa ke ciki shi ke da iko, shi ya sa za ka ga suna ta zura hannu ɗaya bayan ɗaya kamar masu iyo, kuma ba a taɓa sakin hannu biyu lokaci guda. Ƙugunka ya manne da nasa, ka miƙe a kan yatsu, don in ka bar fili tsakaninku ka ba shi hanyar gwiwa. Sai lokacin da kai za ka buga ne kake ɗan jan ƙugu baya ka dawo da shi da bugun.

Ban san ko ka yi kokawa ba, in ka yi tana da amfani sosai, ɗan kokawa ya san nauyin mutum, ya san lokacin da ƙafa ta yi sauƙi. Amma akwai ɗabi'a ɗaya da dole ka kashe ta, sunkuyawa. Mu mun saba mu duƙa mu nemi ƙafa ko ƙugu, a nan kuwa duk wanda ya sunkuyar da kai ya kai fuskarsa ga gwiwa da kansa, kuma dokar ƙwararru ta yarda a buga a fuska. Sannan ba a yarda ka ɗora mutum a ƙugu ka yi jifa da shi irin na judo ba, ba a yarda ka sarƙo ƙafarsa ta baya ka taɗe shi ba. Juyawa ake yi da jan kai, ko a share ƙafar da gaban ƙafarka.

Sauran nau'o'in ba sai na daɗe a kansu ba. Khao chiang tana shiga a karkace ta nemi haƙarƙarin ƙasa. Khao khong tana zagayowa ta gefe ta sauka a kuiɓi, ita ce aka fi yi in an manne sosai babu fili. Khao tat a kwance take zuwa ta gitta ciki. Khao yao doguwa ce daga nesa ba tare da riƙo ba. Sai khao loi, mai tashi sama, wadda na san ita ce ta ja ka cikin harkar nan don ita ake yankowa a sa a TikTok. Ka manta da ita tukuna, shekara ɗaya aƙalla. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne hanta a gefen dama na jikin mutum take, don haka gwiwarka ta hagu ce ke samunta, kar ka zama mai gwiwa ɗaya. Kuma in kana riƙo da abokin tirenin ba da tsinin gwiwa ake bugu ba, da cikin cinya ake mari a gefe, in ba haka ba sati ɗaya ba za ka samu wanda zai tsaya da kai ba.

Wani abin dariya, kalmar khao ɗin nan in ka canza mata murya shinkafa take nufi, yarensu kamar namu ne, yadda gari na zama da gari na tuwo suka bambanta a baki. Na yi kwanaki ina ce wa malamin ina son ya ƙara min shinkafa, yara na ta ƙyalƙyala dariya ban san dalili ba.

Tunda kallon bidiyo kake, to ka canza abin da kake kallo. A can ana raba 'yan dambe gida gida, muay mat mai naushi, muay tae mai shuri, muay femeu gwanin dabara, sai muay khao, ɗan gwiwa, mai matsowa gaba ba ja da baya har sai numfashin mutum ya ƙare. Ka nemi Dieselnoi Chor Thanasukarn. Dogo ne kusan santimita 188 amma a ajin fam 135 yake faɗa, kilo 61 kenan da ɗan kai, ka ga kuwa gwiwarsa a ƙirjin mutane take sauka ba tare da ya yi tsalle ba. Ya ci kambun filin Lumpinee a 1981, a 1982 ya doke Samart Payakaroon wanda da yawa ke ɗauka a matsayin gwanin gwanaye, shi Samart ɗin da ya zo ya ci kambun duniya na WBC a damben Turawa a 1986. Daga ƙarshe Dieselnoi ajiye damben ya yi don an rasa mai yarda ya hau da shi a nauyinsa. Ka kalli Chamuakpetch Hapalang da Lamnamoon Sor Sumalee, a na baya bayan nan kuma Petchboonchu FA Group, shi wannan makaranta ce guda a riƙo. Buakaw da kowa ya sani, wanda ya ci gasar kikbozin ta K-1 MAX a 2004 da 2006, ka duba faɗansa na farko farko ka ga yadda yake wasa da mutane a riƙo kafin masu gasar su taƙaita shi. In kana kallo kar ka kalli gwiwar, ka rage gudun bidiyon ka kalli hannuwa da ƙafar da ke ƙasa, da abin da ya faru daƙiƙa biyu kafin bugun.

Za ka lura kuma a faɗan manyan filaye na da, Rajadamnern da aka buɗe a 1945 da Lumpinee na 1956, turmi biyar ake yi na minti uku uku da hutun minti biyu, turmin farko da na biyu kamar wasa suke, sai a na uku da na huɗu wuta ke tashi, kuma a nan ne 'yan gwiwa ke cin kasuwarsu, kowace gwiwa ta shiga sai ka ji 'yan kallo sun ɗauki ihu baki ɗaya. Alƙalan can suna ba gwiwar da ta shiga ciki da kyau maki fiye da naushi, kuma suna kallon wanda ya tsaya daram da wanda ake ta jijjigawa. Irin na gasar ONE Championship da ake yi da ƙananan safar hannu turmi uku, wani salo ne daban, an fi son musayar naushi, rafali ma ba ya barin riƙo ya daɗe, don haka ba nan za ka koyi abin da kake nema ba.

To malami. A yarensu kru ake cewa, babba kuma ajarn. Abu na farko da za ka sani, asalin Muay Thai ba shi da bel baƙi ko ja irin na karate, duk wanda ya ce maka shi mai baƙin bel ne a Muay Thai to tsarin wani jim ne ko wata ƙungiya, ba wani abu ba ne da ake tambaya a Tailan. Takarda ma haka, akwai kwas na sati biyu da mutum zai biya a ba shi satifiket mai tambarin zinare ya dawo ya manna a bango. Na taɓa faɗawa hannun irin wannan kafin in yi wayo, ba zan faɗi wuri ba, mutum ne mai baki, ga hotuna da manyan 'yan dambe, amma wata uku ban taɓa ganin ya riƙe da kowa ba, ko fad ba ya ɗaurawa sai dai ya tsaya da usur yana ƙirga mana tsallen kwaɗo. Ranar Asabar kuma sai ya haɗa sabbin zuwa su daki juna da gaske yana ɗauka a waya. A nan wani ya sa min tsinin gwiwa a haƙarƙari na yi sati shida ko tari na yi sai na riƙe gefe.

Shi ya sa nake cewa kafin ka biya ko sisi ka je ka zauna ka kalli darasi ɗaya daga farko har ƙarshe, malamin kirki ba zai hana ka ba. Ka duba ko ana riƙo, in an tashi ba a yi riƙo ba ka tambaya yaushe ake yi, in aka ce sai an ƙware, ko aka ce ai yana da haɗari, ka yi musu sallama. Ka duba ko shi da kansa yana ɗaura fad ɗin ciki ya karɓi gwiwar ɗalibai, kuma yana mayar da martani, yana ɗan share ƙafar wanda ya tsaya ba daidai ba, ko kuwa tsayawa kawai yake kamar allo yana cewa da kyau da kyau. Sannan ka bar kallon malamin ka kalli ɗaliban da suka shekara biyu a wurin, su ne hotonka na gaba. In tsayuwarsu ɗaya ce mai kyau, suna wasa da juna suna dariya ba wanda ke neman cire kan wani, to akwai ilimi a gidan. In kowa da ɗaurin bandeji da labarin targaɗe kuma babu wanda ya daɗe, ka gane. Ka tambaye shi kai tsaye wa ya koya masa, ya taɓa hawa ringi, sau nawa. Ba dole sai zakara ba, wasu zakarun ma ba su iya koyarwa ba sam don jikinsu ya sani bakinsu bai sani ba, amma wanda bai taɓa jin gwiwa a cikinsa ba da wuya ya koya maka yadda ake tare ta. Ka duba tsabta ma, riƙo fata da fata ne, wurin da ba a goge tabarma da fad za ka kwaso makero da maruru.

In garinku babu ko ɗaya, kar ka zauna jira. A Legas da Abuja akwai wuraren da ake koyarwa, ko sau ɗaya a wata biyu ka je ka yi kwana uku a gyara maka ka dawo da aikin gida, ya fi shekara kana maimaita kuskure kai kaɗai. Ka leƙa filin wasa na jiharku, sau da yawa akwai kocin kikbozin ko na damben Turawa, ba zai koya maka plam ba amma zai gyara maka tsayuwa da tsaron fuska da sanin tazara. Sai ka nemi aboki ɗaya mai hankali, mai kusan nauyinka, wanda ba ya fushi in an kayar da shi, ku riƙa zura hannu kuna neman ciki minti goma sha biyar kullum a kan yashi ko ciyawa, ba bugu tukuna. Ku jingina waya ku ɗauki kanku. Abokin nan ya fi maka buhu goma.

Tafiya Tailan kuwa ina goyon baya, amma ba yanzu ba, kuma ba don ka koyi abin da za ka iya koya a gida ba. Tsarin sansanin dambe a can sau biyu ne a rana, kwana shida a sati, Lahadi hutu. Gudu da sassafe wajen kilomita 8 zuwa 10, tsallen igiya, buhu, fad turmi uku zuwa biyar, da yamma a sake, a rufe da riƙo na rabin awa ko fiye, sannan a ce ka je ka zuba wa buhu gwiwa 200 ko 300 kafin ka sha ruwa. Ga zafi mai gumi wanda ba irin namu busasshe ba. In ka je ba ka da numfashi satin farko biyu a kwance za ka yi su, kuɗinka na ƙonewa. Ka fara gudu tun yanzu, da motsa wuya.

Wurin zaɓa kuma ya danganta da abin da kake so. Phuket, musamman layin Soi Ta-iad a Chalong, cike yake da jim jim na baƙi, akwai Turanci, akwai sauƙin rayuwa, kuma tsibirin na da Musulmi da masallatai da yawa don haka abincin halal ba wahala, sai dai a manyan wuraren za ka iya zama mutum na arba'in a aji ba wanda ya san sunanka. Bankok ta fi 'yan dambe na gaske, FA Group ɗin da na ambata an san su da riƙo. Yankin Isan na arewa maso gabas, su Buriram da Surin, daga nan yawancin zakarun suka fito, 'ya'yan manoma ne da suka fara faɗa tun suna shekara bakwai takwas a bukukuwan ƙauye, amma can sai mai ɗan yare da haƙuri. Ko ina ka je kar ka biya wata guda tun daga gida, ka biya na zama ɗaya ɗaya, lokacin da nake can a kuɗinsu baht 300 zuwa 500 ne a yawancin wurare, ka gwada uku ko huɗu. Tambayar da za ka yi ita ce akwai yaran gida masu faɗa da ke tirenin a nan, kuma ana barin baƙo ya riƙe da su? In babu, to da baƙi 'yan'uwanka za ka yi ta ƙanƙamar juna, makaho na jan makaho. Ka haddace mai kin mu, wato ba na cin alade, don yana shiga abinci da yawa, ka nemi khao mok gai wurin Musulmi, shinkafa da kaza ce kamar dafa-duka.

Ta fannin takardu, tun 2024 suna da biza mai suna DTV da ta haɗa da masu zuwa koyon Muay Thai, ta shekara biyar ce, kowace shiga kwana 180, amma sai ka nuna baht 500,000 a asusu, wanda ba ƙaramin kuɗi ba ne. Don wata ɗaya ko biyu bizar yawon buɗe ido ta isa. Mai fasfo ɗin Najeriya ana neman takardar wankewa daga NDLEA, kuma tana ɗaukar lokaci, ka fara da ita, sauran sharuɗɗan ka ji su daga bakin ofishin jakadancinsu a Abuja ba daga bakin ejan ba.

Akwai abin da na san zai zo maka a rai a matsayinka na Musulmi, rawar nan da suke yi kafin faɗa, wai khru, da igiyar mongkon da ake sa wa a ka, ana busa wata aba mai kama da algaita. Asalinta girmama malami da iyaye ne, amma akwai durƙuso da kai goshi ƙasa da addu'o'in addininsu a ciki. A tirenin na kullum ba wanda zai sa ka, sai in za ka hau ringi maganar ke tasowa, kuma sun saba da Musulmi, nasu na kudu da 'yan Maroko da sauransu da ke faɗa a can. Ni na gaya wa malamina tun da wuri cikin ladabi, ya ce ba komai, na zaga ringin na yi addu'ata a tsaye a kusurwa. Girmamawar da suka fi kula da ita ta yau da kullum ce, ka zo da wuri, ka cire takalmi kafin ka hau tabarma, kar ka tsallake mutum ko kayan aikinsa, kar ka taɓa kan babba, in ka ga malami ya gama riƙe maka fad ka kawo masa ruwa. Tsohon malamin nan nawa sai da ya ga na yi wata guda ban yi fashi ba sannan ya fara jana gefe yana nuna min ƙananan abubuwa, kamar yadda ake danna haɓar mutum da kafaɗa, da yadda ake taka ƙafa waje kafin a juya shi.

Yanzu dai ka bar gwiwar ta sace tukuna, sati biyu ko uku, a ciki ka yi ta gwajin bangon nan da ƙafar hagu a hankali. In ta warke ka jingina waya a gefenka, ba ta gaba ba, ta gefe daidai tsayin ƙugu yadda zan ga duddugen ƙafar da ke ƙasa, ka buga goma da dama goma da hagu ka turo min. Ka gaya min kuma nauyinka da ko ka samu abokin riƙon.